Olympedia da laburaren LA84: gwajin rumbunan intanet biyu a kan ƙauracewar gasar Olamfik ta 1976, 1980 da 1984

Duk mai son rubuta wani abu na gaskiya a kan shekarun da siyasa ta yi ta korar ƙasashe daga gasar Olamfik, ɗan jarida ne shi, ɗalibi ne, ko mai shirin wasanni a rediyo, da wuya ya gama aikinsa bai bi ta ɗaya daga cikin rumbuna biyu ba: Olympedia da laburaren intanet na LA84, wata gidauniyar wasanni a Amurka. Dukansu kyauta ne, ba rajista, ba biyan kuɗin wata. Dukansu kuma an yi su da kulawar da ba a cika samu a intanet ba. Sai dai ƙauracewa labari ne na waɗanda ba su zo ba, su kuwa rumbunan nan an gina su ne don adana labarin waɗanda suka zo suka fafata. Wanda bai riƙe wannan a ransa ba zai ɗauko lambobi na gaskiya ya gina labarin ƙarya a kansu.

Olympedia aikin wasu masu binciken tarihi da ƙididdigar Olamfik ne da ke kiran kansu OlyMADMen, ƙarƙashin jagorancin Bill Mallon, likitan ƙashi Ba'amurke. An buɗe shi ga jama'a a watan Mayun 2020. Tsarinsa mai sauƙi ne. A saman shafi akwai sassa na 'yan wasa, ƙasashe, gasa-gasa da nau'o'in wasanni, sai akwatin nema. Rubutu ne da jadawali kusan zalla, don haka ko a ƙaramar waya da sabis mai rauni yana buɗewa, kuma ba ya cin data. Wannan kaɗai ya isa a yaba, domin shafukan wasanni da yawa sai sun cika ka da bidiyo da talla kafin su nuna maka sakamakon tsere ɗaya.

Hanya mafi sauri ta ganin sawun ƙauracewa ita ce a shiga sashen ƙasashe a zaɓi ƙasa. Jadawali zai fito, shekara bayan shekara, da adadin maza da mata da suka fafata da lambobin da aka ci. A nan ake fara yin tuntuɓe, tun kafin a karanta komai. Alamar Najeriya a Olamfik NGR ce. NIG ta Nijar ce. Wanda ya saba da NGA ta ƙwallon ƙafa, ya ga NIG ya ɗauka Najeriya ce, zai rubuta cewa Najeriya ba ta je Mosko ba a 1980, alhali ta je, Nijar ce ba ta je ba. Chadi CHA ce, Gana GHA, Kamaru CMR, Sudan SUD. Tarayyar Sobiyet URS, Jamus ta Gabas GDR, ta Yamma FRG.

In aka jera shafukan ƙasashen da Hausawa ke zaune a cikinsu, hoto yana fitowa sarai. Najeriya ta fara zuwa a 1952 a Helsinki, kuma gasar bazara ɗaya tak ta rasa tun lokacin, ta Montreal a 1976. Nijar da Chadi sun fara a 1964, sun rasa 1976 da 1980. Gana da Sudan ma babu su a waɗannan biyun. Kamaru kuwa jadawalinta ba giɓi, har da 1976, kuma wannan shi ne tarko na biyu.

Ga abin da ya faru a Montreal. Ranar 16 ga Yunin 1976 'yan sandan gwamnatin wariyar launin fata suka buɗe wuta a kan 'yan makaranta a Soweto, a Afirka ta Kudu. Ba a yi mako biyu ba ƙungiyar zari-ruga ta New Zealand, All Blacks, ta sauka a Afirka ta Kudu don rangadin wasanni, da goyon bayan firaminista Robert Muldoon. Taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka a Mauritius ya nemi a hana New Zealand shiga gasar. Majalisar Ƙoli ta Wasanni a Afirka, wadda Abraham Ordia na Najeriya ke shugabanta, Jean-Claude Ganga na Kongo-Brazzaville kuma yake sakatarenta, ta kai maganar gaban kwamitin Olamfik na duniya. Shugaban kwamitin, Lord Killanin, ya ce zari-ruga ba wasan Olamfik ba ne, rabonta da gasar tun 1924, don haka ba su da hurumi. Tanzaniya ce ta fara janyewa, ba ta ma tura tawaga ba. Saura da dama sun riga sun isa Kanada, suna masaukin 'yan wasa, lokacin da umarni ya zo daga gida cewa a tattara kaya. An buɗe gasar ranar 17 ga Yuli. Senegal da Kwaddibuwa sun ƙi janyewa. Iraƙi da Guyana sun bi sahun Afirka.

Kamaru, Masar, Maroko da Tunisiya sun fafata a kwanakin farko kafin su fice. Shi ya sa Olympedia ke lissafa su cikin ƙasashe 92 da suka shiga gasar, kuma lissafin daidai ne bisa ƙa'idarsa: duk wanda ya taka fili an ƙidaya shi. Amma mai karanta jadawalin ƙasa kawai zai ce Kamaru ta ƙi bin 'yan'uwanta, alhali ta bi. Maganin wannan shi ne kada a tsaya a shafin ƙasa. A danna shekarar, a buɗe sunayen 'yan wasan ɗaya bayan ɗaya, a duba inda kowa ya tsaya. Harufan DNS na nufin an sa sunan mutum amma bai fara ba. In aka ga tawaga gaba ɗaya ta fara wasa sannan kowa ya ɓace a rana guda, to umarnin janyewa ne ya iso.

Wannan ne kuma dalilin da ya sa adadin ƙasashen da suka ƙaurace wa Montreal ke sauyawa daga wani rubutu zuwa wani, daga 22 har zuwa 29. Wani ya ƙidaya na Afirka kaɗai, wani ya haɗa da Iraƙi da Guyana, wani ya cire huɗun da suka fara wasa, wani kuma ya sa har da ƙasashen da dama can ba su shirya tafiya ba. Taiwan ma ba ta shiga ba, amma tata rigimar daban ce: gwamnatin Kanada ce ta ƙi yarda ta yi amfani da sunan Jamhuriyar Sin. Duk mai kawo adadi ya kamata ya faɗi waɗanda ya ƙidaya. Idan aka kwatanta da Munich a 1972, inda ƙasashe 121 suka halarta, girman giɓin yana bayyana ko ba a daidaita kan lamba ɗaya ba.

Inda Olympedia ya fi burgewa shi ne shafukan sakamako, domin a nan ake ganin ɓarnar da ido. A buɗe damben zamani na 1976. An riga an fitar da jadawalin wa zai kara da wa kafin janyewar, don haka zagayen farko cike yake da 'yan damben da suka wuce a bagas, abokin karawa bai fito ba. A buɗe ƙwallon ƙafa: ƙungiyoyi 13 ne maimakon 16, saboda Najeriya da Gana da Zambiya, waɗanda suka ci gurbin Afirka da guminsu, sun koma gida. A ƙwallon gora ta maza Kenya ta janye, aka yi gasar da ƙungiyoyi 11, kuma New Zealand ɗin da ake rigimar a kanta ita ta ɗauki zinare.

Sai tsere. Filbert Bayi na Tanzaniya yana riƙe da tarihin duniya a mita 1,500, minti 3 da daƙiƙa 32.16, wanda ya kafa a Christchurch a 1974 yana gaban John Walker na New Zealand. Karawarsu a Olamfik ita ce abin da masu son tsere suka shekara biyu suna jira. Walker ya ci zinare a Montreal da 3:39.17, babu Bayi. John Akii-Bua na Yuganda, wanda ya ci zinaren mita 400 na tsallake shinge a Munich da sabon tarihin duniya na daƙiƙa 47.82, bai samu ya kare kambinsa ba, Edwin Moses na Amurka ya ci kuma ya karya tarihin. Mike Boit na Kenya bai kara da Alberto Juantorena a mita 800 ba. Miruts Yifter na Habasha sai da ya jira shekara huɗu kafin ya ɗauki zinare biyu a Mosko, a mita 5,000 da 10,000. Olympedia kan sa ɗan bayani a saman sakamakon kowane tsere, kuma a manyan tsere irin waɗannan bayanin kan taɓo wanda ake sa ran zai yi fice da abin da ya hana shi. Wannan ɗan rubutun shi ne mafi amfani a rumbun ga mai binciken ƙauracewa. A riƙa karanta shi kafin a sauka kan jadawali.

Amma akwai mutanen da tsarin ba zai taɓa yi musu adalci ba. Henry Rono na Kenya ya kafa tarihin duniya huɗu cikin kwana 81 a 1978, a mita 3,000, da 5,000, da 10,000, da mita 3,000 na tsallake shinge da ruwa. Kenya ta ƙaurace a 1976, ta sake ƙauracewa a 1980. Rono bai taɓa yin tsere ko ɗaya a Olamfik ba. A rumbun da ke auna mutum da sakamakonsa a gasar, gwarzon tseren dogon zango na zamaninsa ba shi da ko layi ɗaya na sakamako. Idan haka ta faru da Rono, sai a yi tunanin ɗan dambe ko ɗan tseren Najeriya ko Nijar da aka zaɓa a 1976, ya yi watanni a sansanin horo, aka dawo da shi, kuma kafin gasa ta gaba ƙarfinsa ya wuce. Irin waɗannan su ne suka biya farashin matsayin da Afirka ta ɗauka, kuma su ne rumbun ya fi ƙarancin bayani a kansu. Ko waɗanda suka fafata a wasu shekarun, shafukan 'yan Afirka da yawa suna da suna da ƙasa da sakamako kawai, wani lokaci ko ranar haihuwa babu, alhali na Turai da Amurka na da tarihin rayuwa cikakke.

Rubutun sunaye ma yana ba da wahala. Issaka Daboré, ɗan damben da ya kawo wa Nijar lambarta ta farko, tagulla a Munich a 1972, ana samun sunansa Issaka a wani wuri, Issake a wani. In akwatin nema bai kawo mutum ba, kada a yanke cewa babu shi. A koma ta ƙasa, a zaɓi shekara, a zaɓi wasa, sunan zai fito yadda aka rubuta shi.

Mosko ta 1980 ta fi rikitarwa, kuma a nan ne jadawali ya fi yaudara. Sojojin Sobiyet sun shiga Afganistan a ƙarshen Disambar 1979. Ranar 20 ga Janairun 1980 shugaba Jimmy Carter ya ba su wata guda su fice, in ba haka ba Amurka ba za ta je ba. Saudiyya ta riga ta sanar da tata janyewar tun farkon watan, kuma taron ministocin harkokin wajen ƙasashen Musulmi a Islamabad a ƙarshen Janairu ya yi Allah wadai da mamayar. Ranar 12 ga Afrilu kwamitin Olamfik na Amurka ya kaɗa ƙuri'a a Colorado Springs, kusan kashi biyu bisa uku suka goyi bayan ƙin zuwa. Ƙasashe 80 ne suka halarci gasar, wadda aka yi daga 19 ga Yuli zuwa 3 ga Agusta. Fiye da 60 da aka gayyata ba su je ba.

Kuskuren da aka fi yi shi ne a ɗauki duk wanda bai je ba a matsayin mai bin Amurka. Iran ba ta je ba, a daidai lokacin da ake garkuwa da ma'aikatan ofishin jakadancin Amurka a Tehran. Sin ba ta je ba saboda tata gabar da Mosko. Chadi na cikin yaƙin basasa a tsakiyar N'Djamena a wannan shekarar. Wasu ƙasashen rashin kuɗi ne ya hana su. A Olympedia duka waɗannan giɓi iri ɗaya ne. Jadawalin ba ya cewa don me.

Haka kuma ba duk wanda ya je ne gwamnatinsa ta yarda ba. Firaminista Margaret Thatcher ta so Birtaniya ta ƙaurace, kwamitin Olamfik na ƙasar ya ƙi, 'yan wasa suka tafi. Allan Wells ya ci mita 100, Steve Ovett mita 800, Sebastian Coe mita 1,500, aka ɗaga musu tutar Olamfik aka buga taken Olamfik maimakon na ƙasarsu. Faransa da Italiya da wasu ƙasashen Yammacin Turai ma haka suka yi. A jadawalin lambobi za a ga GBR, FRA, ITA kamar kowace shekara, babu alamar cewa tutarsu ba ta tashi ba.

Najeriya ta je. Carter ya turo Muhammad Ali a watan Fabrairu ya zagaya Tanzaniya, Kenya, Najeriya, Laberiya da Senegal don ya shawo kan Afirka. Shugaban Tanzaniya Julius Nyerere ya ƙi ganinsa. Tambayar da aka yi ta jefa masa tana da nauyi: ina Amurka take lokacin da Afirka ta fice daga Montreal saboda wariyar launin fata? Gwamnatin Shehu Shagari ba ta sauya matsayi ba. A shafin ƙwallon ƙafa na 1980 za a ga Najeriya, amma a lura da yadda ta shiga: gurbin Gana ta gada bayan Gana ta janye, kamar yadda Zambiya ta gaji na Masar. Ta yi kunnen doki 1–1 da Chekoslobakiya, wadda daga baya ta ɗauki zinare, amma ba ta fita daga rukuni ba. Bayi ya samu azurfa a mita 3,000 na tsallake shinge da ruwa, Suleiman Nyambui ya samu azurfa a mita 5,000. Zimbabwe, wadda ta samu 'yanci a watan Afrilu, an gayyaci matanta ƙwallon gora a ƙurarren lokaci don cike gurbin waɗanda suka janye, suka je suka ci zinare. Sobiyet ta kwashe zinare 80, Jamus ta Gabas 47.

Daga nan ne laburaren LA84 ke shigowa, domin shi takardu yake adanawa, ba jadawali ba. Asalinsa ma daga wannan tarihin ya fito. Gasar Los Angeles ta 1984, wadda Peter Ueberroth ya shirya da kuɗin kamfanoni, ta bar rarar kusan dala miliyan 232.5. Kashi 40 cikin 100 aka ware don wasannin matasa a kudancin California, aka kafa gidauniyar da a 2007 aka sauya wa suna zuwa LA84. Wadda ta shugabance ta shekaru da yawa, Anita DeFrantz, 'yar tseren kwale-kwale ce da ta ci tagulla a Montreal, kuma tana cikin 'yan wasan da suka kai kwamitin Olamfik na Amurka kotu a 1980 don a bar su su je Mosko. Ba su yi nasara ba.

Abu uku ne a laburaren suka fi amfani ga wannan bincike. Na farko rahotannin hukuma da kwamitin shirya kowace gasa ya wallafa bayan kammalawa. Na Montreal juzu'i uku ne: shiri, gine-gine, sakamako. Na Mosko ma uku. Na Los Angeles biyu. Na biyu tsoffin fitowar Olympic Review, mujallar kwamitin Olamfik na duniya, inda ake samun jawaban Killanin da na Juan Antonio Samaranch da ya gaje shi a 1980, da sanarwar tarurruka a watannin da ake tsaka da rikici. Na uku maƙalolin masana daga mujallun tarihin wasanni, kuma a cikinsu ne ake samun bayanin dalilai da ja-in-jar bayan fage. Akwai kuma hirarraki da tsoffin 'yan wasa, galibinsu Amurkawa.

Aiki da shi yana buƙatar haƙuri. Fayilolin PDF ne na hoton shafukan littattafai, kowane juzu'i ɗaruruwan shafuka ne da hotuna, don haka buɗe su kai tsaye a waya kan tsaya a hanya ko ya cinye data. Gara a sauke juzu'in da ake buƙata sau ɗaya, a wurin da akwai wayfai ko da datar dare, a ajiye, a yi aiki da shi ba tare da intanet ba. Ga mai neman ƙauracewa, juzu'in gine-gine na Montreal ba shi da amfani, a bar shi. Na shiri da na sakamako su ne aikin.

Nema a cikin fayil ma yana da nasa sharaɗi. Manhaja ce ta karanta haruffa daga hoton shafi, kuma takan kuskure a jadawali masu ƙananan rubutu da sunaye masu alamar Faransanci, saboda haka rashin samun suna ba hujja ba ne cewa babu shi a littafin. In aka rubuta Niger, duk inda Nigeria take zai fito, sai an kunna zaɓin neman cikakkiyar kalma. Sunayen ƙasashe na lokacin ake nema: Upper Volta maimakon Burkina Faso, Zaire maimakon Kongo ta Kinshasa, Rhodesia kafin 1980. Sannan kalmar boycott kanta ba ita ce harshen hukuma ba. Takardun sun fi son withdrawal da non-participation. A 1984 Sobiyet ta dage cewa abin da ta yi rashin halarta ne, ba ƙauracewa ba. Wanda ya nemi kalma ɗaya kawai zai rasa rabin abin da ke ciki.

Babban gargaɗi a kan rahotannin hukuma shi ne a tuna wanda ya rubuta su. Mai masauki ne ke ba da labarin bikinsa. Kwamitin Montreal ya fi damuwa da filaye da tsaro da kuɗi. Na Mosko an rubuta shi don nuna cewa gasar ta yi armashi duk da makircin abokan gaba. Na Los Angeles yana alfahari da ƙasashe 140 da suka zo, adadin da ba a taɓa samu ba kafin nan. Babu ɗaya da aka rubuta don bayyana dalilin Afirka. Suna da kyau ƙwarai wajen tabbatar da kwanan wata, jerin tawagogi da sakamako. Wajen hukunci kan wa ke da gaskiya, shaidar ɓangare ɗaya ce. Olympic Review ma muryar kwamitin da ake ƙalubalanta ce, kuma matsayinta shi ne siyasa ta fita daga wasanni.

Ta 1984 ta fi sauƙin bi. Ranar 8 ga Mayu Sobiyet ta sanar ba za ta je ba, tana cewa ba a ba 'yan wasanta tabbacin tsaro ba kuma ana rura ƙiyayya a kanta a Amurka. Jamus ta Gabas, Bulgeriya, Poland, Hungary, Chekoslobakiya, Kyuba, Koriya ta Arewa da Habasha na cikin waɗanda suka bi ta. Adadin da aka fi ambata 14 ne, amma Iran da Libiya da Albaniya ma ba su je ba, kowace da nata dalili. Romaniya ta karya sahu ta je, ta ci zinare 20, Amurka ce kawai ta fi ta da 83. Don gane tasirin, a buɗe ɗaga nauyi, kokawa da damben zamani a Olympedia, a kwatanta waɗanda suka hau dandamali a 1980 da na 1984. Najeriya ta samu azurfa ta hannun Peter Konyegwachie a dambe, da tagulla a gudun miƙa sanda na mita 400 sau huɗu. Bai kamata a rage darajar waɗannan lambobi ba, amma mai rubutu na gaskiya zai faɗa cewa babu 'yan damben Kyuba a wannan shekarar. Habasha kuwa ta rasa 1976, 1984 da 1988, gasa uku cikin huɗu.

Iyakar rumbunan biyu ita ce Olamfik, alhali yaƙin wasanni da wariyar launin fata ya fi faɗin haka. Yarjejeniyar Gleneagles ta 1977, wadda shugabannin ƙasashe renon Ingila suka amince da ita don hana hulɗar wasanni da Afirka ta Kudu, 'yar Montreal ce kai tsaye. Najeriya ta ƙaurace wa gasar ƙasashe renon Ingila a Edmonton a 1978 a kan New Zealand. A 1986 ƙasashe 32 suka ƙi zuwa Edinburgh saboda Thatcher ta ƙi ƙaƙaba wa Afirka ta Kudu takunkumi. Kafin duk wannan, ƙasashen Afirka 15 sun fice daga wasannin share fagen kofin duniya na 1966 saboda an haɗa Afirka da Asiya da Oceania a gurbi ɗaya, abin da ya sa FIFA ta ba Afirka gurbinta a 1970. Olympedia ba ya ɗauke da sakamakon waɗannan gasa. A LA84 sai dai a same su a cikin maƙalolin masana.

Kuma duka biyun Turanci ne, da ɗan Faransanci a tsoffin takardu. Muryar Legas da Yamai da Accra a lokacin, abin da gwamnatin Obasanjo ta faɗa wa 'yan ƙasa a Yulin 1976, yadda aka tarbi tawagar da ta dawo, sharhin da jaridu suka yi, duk suna cikin tsoffin fitowar New Nigerian, Daily Times, Gaskiya Ta Fi Kwabo da Le Sahel. Don waɗannan sai an je wurare irin Gidan Arewa da ma'adanar tarihi ta ƙasa a Kaduna an buɗe takarda da hannu, kuma hanya mafi sauƙi ita ce a fara fitar da ranakun daga Olympedia da rahotannin LA84, a rubuta su, sannan a nemi jaridun makon da ya gabaci kowace rana da makon da ya biyo ta.